Tambaya ga manya: wace fasaha ce ta fi canza rayuwar yau da kullum?

Ɗalibar_tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni, musamman ga iyayenmu da yayyenmu da suke cikin zauren nan, waɗanda suka ga jiya suka ga yau. Mu da muka buɗe ido muka tarar da waya a hannun kowa, in an ce mana fasaha ta canza rayuwa sai dai mu gyaɗa kai kawai, amma gaskiya ba mu san yadda abin yake kafin nan ba. Ba jerin shekarun da aka ƙero kaza da kaza nake nema ba, wannan ko Google na tambaya zai zayyano min. So nake in ji a wunin mutum guda, daga tashinsa da asuba har ya kwanta, mene ne ya canza da gaske daga wajen 1970 zuwa yau?

Abin da ya sa na yi tambayar, duk wanda na tuntuɓa sai ya ce min waya, shi kenan ya rufe baki. To amma iPhone a 2007 ta fito, wayar Android ta farko kuma 2008, wato babbar wayar nan ta shafa-shafa da muke ji da ita yarinya ce ƙarama. Kenan duk shekarun da suka gabace ta ba abin da ya motsa? Ni dai ban yarda ba.

Sai tambaya ta biyu wadda ta fi damuna. Kullum ana cewa na'urori suna rage mana wahala suna tara mana lokaci, to ina lokacin yake tafiya? Don ni ban ga wanda yake cewa lokaci ya yi masa yawa ba, kowa ka taɓa sai ya ce ba shi da lokaci. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_ma'aikaci ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. In za ki bar ni in zaɓi abu ɗaya da ya ɓace daga rayuwa, to jira ne. A da kusan komai sai an jira shi, kuma jiran nan shi ya tsara yadda mutane suke mu'amala da juna.

Ɗauki wasiƙa. Ka zauna ka rubuta, ka sa a ambulan, ka manna kan sarki, ka kai gidan waya, daga nan kuma sai haƙuri, mako biyu ko uku kafin amsa ta dawo in ƙasar waje ce, wani lokaci ma ta ɓace a hanya ba wanda zai ce maka ga inda ta maƙale. Saboda haka mutum ba ya rubuta shirme, sai ya tara labarin wata guda ya tsara shi. In abu na gaggawa ne sai tangaraho, wato gajeren saƙon da ake bugawa ta waya a kai wa mutum a takarda, shi kuma da ƙidayar kalmomi ake biya, don haka za ka ga saƙo kalma huɗu ko biyar, kuma duk gidan da aka ga mai kawo tangaraho ya tsaya gaban kowa sai ya faɗi don an san ba a aiko shi a banza. Tangarahon nan fa bai daɗe da mutuwa ba, kamfanin Western Union sai a 2006 ya daina, Indiya kuma ta rufe nata a 2013.

Wayar tarho ta gida ita ma akwai abin da 'yan yanzu ba su gane ba game da ita. Wuri kake kira, ba mutum ba. Ka buga, duk wanda yake kusa shi zai ɗauka, ku gaisa, ka ce wane yana nan? A ce ya fita, sai ka bar sallahu. Kenan duk mai nemanka sai ya bi ta hannun mutanen gidanku, kowa ya san da wa kake hulɗa. Kuma in ka fita daga gida ka fita kenan, ba mai iya samunka har sai ka dawo. Wannan ya sa alƙawari yake da nauyi, in kun ce ƙarfe huɗu a wuri kaza to ƙarfe huɗun ce, don ba yadda za ka yi ka kira ka ce ga ni nan a hanya alhali ko wanka ba ka yi ba.

Hoto ma haka. Fim ɗin kyamara guda 24 ne ko 36, ka ɗauka ba ka san yadda ya fito ba sai an kai an wanke, ranar da aka karɓo sai ka tarar rabi an rufe ido. Shi ya sa kafin a danna sai an gyara tsayuwa an gyara riga. Abin mamaki wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steve Sasson shi ya haɗa kyamarar farko marar fim tun 1975, amma kamfanin da fim yake cin abinci, bai ba abin muhimmancin da ya kamata ba, a 2012 sai da ya shigar da takardar karyewa.

Labarai kuma lokacinsu gare su. Ka kunna rediyo a kan lokaci ko ya wuce ka sai na gaba. Talabijin akwai sa'ar da ake buɗewa da sa'ar da ake rufewa, in an rufe kowa ya tashi ya kwanta. Banki ka je da littafinka ka bi layi, in aka tashi aiki ranar ƙarshen mako ba ka ciro kuɗi ba to sai wani makon, duk da an kafa injin ATM na farko a Landan tun 1967, sai da aka ɗau shekaru masu yawa kafin ya iso yawancin ƙasashe.

Wani abu da nake so ki lura da shi, kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma ba waƙa kaɗai aka yi da shi ba. Mutanen da suka yi nisa da gida neman kuɗi a ƙasashe da dama, musamman waɗanda rubutu bai zauna musu ba, sai su ɗauki muryarsu a kaset su ba matafiyi ya kai, a taru a kunna a saurara, wani ya yi kuka wani ya yi dariya, sannan a juya kaset ɗin a ɗauki amsa. To ki gaya min mene ne bambancinsa da saƙon muryar da WhatsApp ya kawo a 2013? Bukatar ɗaya ce, abin da ya canza kawai da wata guda yake yi a hanya, yanzu kafin ka ɗaga yatsa ya isa.

Mai_haɗa_sola ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, bayaninka ya yi, amma ka ba ni dama in ɗan saɓa. Duk abin da ake yabon waya da shi, akwai abubuwa biyu a ƙarƙashinsa da ba mai kula su, batir da haske. Ni aikina kenan kullum shi ya sa nake ganin abin ta wannan ɓangaren.

Wayar hannu ai ta daɗe, Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kira da ita a titin New York tun 1973, aka fara sayar da ita wajen 1983. Amma nauyinta ya kusa kilo guda, ka yi mata caji na awa goma ka yi magana ta minti talatin ta mutu. Wa zai yi rayuwa da wannan? Abin da ya sa ta dawo abin sakawa a aljihu, bayan ƙanƙancewar kayan cikinta, shi ne batirin lithium da Sony ya fara sayarwa a 1991. Ba don shi ba babu laftof ɗin kirki, babu fawa bank, babu babur da mota masu lantarki irin na yau. Mutum uku da suka yi aikin batirin nan, Goodenough da Whittingham da Yoshino, sai a 2019 aka ba su kyautar Nobel, a lokacin shi Goodenough yana da shekara 97, ku ji fa.

Sai haske. Wallahi duk wanda bai yi karatu da fitilar kananzir ba bai san darajar ƙwan LED ba, ga hayaƙi ga zafi ga haɗarin gobara, da safe ka share hanci ka ga baƙi. Shi kansa tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ɗan ragowar ne haske, shi ya sa in ya daɗe a kunne ba ka isa ka taɓa shi ba. LED ja da kore an daɗe da su, shuɗi ne ya gagara, kuma sai da shuɗin ake samun farin haske. Wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka ci nasararsa a farkon shekarun 1990, aka ba su Nobel a 2014. Yau ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da sai mai wat 60 yake bayarwa a da. To haɗa wannan da faifan sola da kuɗinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, sai ka ga gidan da turakun lantarki ba su taɓa zuwa kusa da shi ba yana da haske da dare, yaro ya yi aikin makaranta, mai sana'a ya ƙara awa biyu ko uku, ungozoma ta ga abin da take yi. Dare ne aka ƙara wa mutane a kan wuninsu, ni a ganina wannan ya fi Facebook nesa ba kusa ba.

Kuma in za a bi salsala, kakan duk waɗannan shi ne taransisto, ɗan ƙaramin abin da yake sarrafa wuta a cikin na'ura, da aka ƙirƙiro a 1947. Kafin shi rediyo akwati ne guda mai kwalabe a ciki da sai sun yi zafi kafin ya yi magana, kuma yawanci sai da wutar gida. Da rediyo mai taransisto ya fito a 1954 ya zama ana sa masa batir a rataya a kafaɗa, makiyayi da manomi da mai gadi kowa ya samu labarin duniya ba tare da ya iya karatu ba. Wannan shi ne karo na farko da na'ura ta bi mutum duk inda ya sa ƙafa, shekara hamsin da wani abu kafin iPhone.

Maman_yara ta rubuta:

Hmm, ni dai ina ta karantawa ina murmushi, don na san in maza suka zauna zancen fasaha daga waya sai rediyo sai mota. Ba wanda ya tambayi wa yake wanki, wa yake ɗebo ruwa, wa yake tsugune gaban murhu. Baba da Malam mai sola ku yi haƙuri fa, amma a je a tambayi kowace tsohuwa a kowace ƙasa a ce ta zaɓa tsakanin waya da famfo a tsakar gida, a ji abin da za ta ce.

Ruwa shi ne na ɗaya. Injin da yake turo ruwa ya shigo gida ya cire wa mata da yara awanni a kullum, kuma har gobe akwai miliyoyin da ba su samu ba, suna nan suna tafiya da bokiti a ka. Sai injin niƙa, sai keken ɗinki, sai injin wanki ga wadda Allah ya hore wa, wankin da yake cin wuni guda cur hannu ya yi kanta baya ya ƙage, yanzu ki zuba ki danna ki tafi wani aikin. Sai murhun gas ko na lantarki, wannan ma ba maganar sauƙi kaɗai ba ce, maganar rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 2 har yanzu da itace ko gawayi ko kananzir da makamantansu suke girki, kuma hayaƙin cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa don su ne a wurin.

Firji kuma mutane ruwan sanyi kawai suke tunawa. Allurar rigakafi da yawa in ta yi zafi ta lalace, sai an riƙe ta tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har ta shiga jikin yaro, haka insulin na masu ciwon suga, haka jinin da ake ajiyewa a asibiti. Ga sikanin da ake yi wa mai ciki a ga kwanciyar yaro, a san ko tagwaye ne tun kafin ranar haihuwa, iyayenmu sai dai in naƙuda ta zo a ga abin da Allah ya yi. Ga ɗan abin gwada suga da na hawan jini da mutum zai ajiye a ɗakinsa. Waɗannan ba sa ƙara ba sa walƙiya shi ya sa ba a lissafa su.

Ƙanwata, tambayarki ta biyu kuma ni ina da amsa daidai gwargwado. Lokacin ba ɓacewa yake ba, ƙa'idar ce take hawa. Da wanki yake da wuya mutum yakan maimaita kaya kafin a wanke, kayan ma ba su da yawa, da inji ya zo sai ya zama riga sau ɗaya ake sawa a jefa kwando, zanen gado duk mako, tawul kowa da nasa. Aikin ya yi sauƙi sai aka ninka yawansa. Kuma wanda a da ake raba shi tsakanin mutane da yawa, da aka ce ai akwai inji sai aka bar wa mutum ɗaya, ai danna maɓalli ne kawai, an manta da shanya da guga da ninki. Ban ce a dawo da wahalar da ba, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ya ce inji ya ba mace hutu to bai zauna ya ƙirga ba.

Ɗalibar_tarihi ta rubuta:

Kai, Anti wannan magana taki ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Kenan ko a ofis ma haka ne? Don na ji ana cewa da a kan tafireta ake buga takarda, in an yi kuskure ɗaya sai a sake shafin gaba ɗaya, yanzu kwamfuta ta zo amma ban ga ma'aikata suna tashi da wuri ba. Baba kai da ka yi aikin ofis me za ka ce? Sannan har yanzu ba wanda ya taɓo intanet ɗin kanta sosai.

Ɗan_manhaja ya rubuta:

Bari in shigo a nan tunda ɓangarena ne. Abin da Hajiya ta faɗa a kan wanki shi ne daidai abin da imel ya yi wa ofis. Da wasiƙa tana da tsada da wahala sai a rubuta kaɗan, da ta zama kyauta sai kowa ya aika wa kowa komai, a sa mutum ashirin a kwafi, kuma tunda an san saƙon ya isa nan take sai a sa ran amsa nan take. Da waya ta haɗu da intanet sai ofis ya biyo mutum gida, oga ya turo saƙo ƙarfe goma na dare ya ga alamar ka karanta, to ka ce ba ka gani ba mana. Abin ya kai Faransa ta yi doka da ta fara aiki a 2017 a kan haƙƙin ma'aikaci na ya kashe saƙonnin aiki in ya tashi. Annobar korona a 2020 kuma ta ƙarasa rushe katangar, ɗakin kwana ya zama ofis ya zama aji.

Intanet ɗin kanta, shafukan da muke buɗewa Tim Berners-Lee ne ya tsara su a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, a 1993 cibiyar ta sake su kyauta ga kowa, ba don haka ba wataƙila da yanzu wani kamfani ne yake karɓar haraji a kan kowane shafi. Kuma mutane da yawa suna ɗauka ta sama saƙonsu yake bi, alhali fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da suke tsallaka teku ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa suke wucewa, shi ya sa in anga ta jirgi ta tsinke guda biyu ko uku sai ka ji ƙasashe sun yi tsit.

Ni abin da na ga ya fi canzawa shi ne abin da muke ajiyewa a ka. Lambobin waya nawa ka haddace yanzu? Hanya fa? GPS, tsarin tauraron ɗan Adam da yake nuna inda kake, na sojan Amurka ne, sai a watan Mayun 2000 suka daina dagula siginar da farar hula suke samu, daga nan ne taswirar waya ta zama abin dogaro, yau direba zai kai ka unguwar da bai taɓa takawa ba, amma in caji ya ƙare ko hanyar da ya bi jiya ba zai gane ba. Musu ma ya mutu, da sai a kwana ana gardamar wace shekara aka yi kaza, yanzu wani zai zaro waya ya kashe zancen. Kuɗi kuma tun da M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya, ta fara a Kenya a 2007 aka gane ko ƙaramar waya mai maɓalli ta isa ta zama banki.

Game da ina lokaci yake tafiya, gsky wani ɓangaren sace shi ake yi da gangan. Manhajar da ba ka biya ba da talla take rayuwa, tallan kuma da yawan mintocin da ka yi kana kallo ake sayar da shi, saboda haka akwai ƙwararru da albashinsu kenan su tabbatar ba ka ajiye wayar ba. Shi ya sa shafin ba shi da ƙarshe, ka ja ƙasa wani ya fito, bidiyo ya ƙare wani ya kunna kansa. Jarida tana da shafin ƙarshe, kaset yana ƙarewa, talabijin ɗin da Baba ya ce ana rufewa, wannan kuwa ba inda aka sa masa birki. Ga 'yan damfara da su ma fasahar ta sauƙaƙa wa aiki, tun fitowar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT a ƙarshen 2022 da ire-irensa ma har murya da hoton mutum ake ƙirƙira. Kuma kar mu manta duk wannan surutun da muke yi, a ƙididdigar 2023 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa hawa intanet sam.

Tsohon_ma'aikaci ya rubuta:

Hajiya kin yi gaskiya, na karɓi gyara, mu maza abin da ba mu ɗauka a ka ba ba ma ganin nauyinsa. 'Yata, maganar ofis haka take. Da akwai masu buga tafireta, akwai masinja, akwai mai kula da fayil, akwai mai haɗa layin tarho, kowa da aikinsa. Kwamfuta ta zo ta tattara ayyukan nan ta ɗora wa mutum ɗaya, shi ne mai rubutawa shi ne mai bugawa shi ne mai aikawa, sannan a ce ai an sauƙaƙa masa.

Amma ina so in ja kunnen matasa, kar ku ji muna ba da labarin da ku ɗauka daɗi ne zalla. Jiran da na faɗa yana da ɗaci. Mutum yana nesa mahaifiyarsa ta rasu, sai bayan an yi mako biyu da binne ta labari ya same shi. Mara lafiya ya galabaita da dare ba yadda za a kira mota. Mutum ya yi tafiyar wuni guda don ya ga wani ya tarar ya yi tafiya. Cutar agana da ta kashe mutane ta makantar da wasu, sai a 1980 aka sanar an kawar da ita daga duniya, mu mun ga masu zanenta a fuska. Duk wanda ya ce miki da ta fi yanzu ta kowace fuska, ƙuruciyarsa yake kewa.

Ƙorafina ɗaya da zamanin nan, ana rufe tsohuwar hanya tun kafin kowa ya iya sabuwar. A ce komai sai ta manhaja, sai lambar sirri, sai an turo maka wasu lambobi ka shigar kafin minti ɗaya, ga ido ya yi rauni ga yatsa yana rawa. Dattijon da ya riƙe gida shekara arba'in yau sai ya nemi jikansa ya taya shi taɓa kuɗinsa, kuma dole ya gaya masa lambar sirrin.

Mai_haɗa_sola ya rubuta:

Baba wannan ta ƙarshen gaskiya ce, kuma akwai 'yar uwarta, gyara. Rediyon da da sukurudireba ɗaya za ka buɗe shi, wani ma da zanen hanyoyin wutarsa manne a cikin murfi don mai gyara ya gani. Nokia 3310 da ta fito a 2000 da farce kake cire batir ka sa wani, caji ɗaya ya yi maka kwanaki. Yanzu batir a manne yake da gam, sai an gasa bayan wayar kafin a ɓamɓare, wani kamfanin ma in ka sa sikirin da ba nasa ba sai wayar ta dinga yi maka gargaɗi. Waya lafiyarta ƙalau amma an daina turo mata sabuntawa, manhajar banki ta ce ba ta aiki a kanta, dole ka sayi wata. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Tarayyar Turai dai ta fara matsa musu, daga ƙarshen 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a can sai da bakin caji na USB-C, har Apple ya bi tun daga iPhone 15, kuma akwai dokar batir da za ta fara aiki a 2027 wadda take so mai na'ura ya iya canza batirinsa, duk da an bar wasu ƙofofi ga wayoyin da batirinsu yake da ƙarko kuma ruwa ba ya shigarsu. Tunda kamfani ba zai so ya ƙera waya iri biyu ba, in suka gyara don Turai mu ma za ta iso mu, kamar yadda ta faru da cajar.